Yadda na yi musayar wurin aiki na dawo Sakkwato, da dubu 400 ɗin da sunka so shiga tsakani

Duk wanda ya yi aikin gwamnatin tarayya ya san ranar da ka karɓi takardar ɗaukar aiki ka riga ka yarda a kai ka ko'ina cikin Najeriya, to ni gidan waya na Kontagora anka kai ni, jihar Neja, kuma wallahi ba ni da abin cewa ga mutanen garin sai alheri, na zauna lafiya da kowa, amma Inna tana Sakkwato ga tsufa ga ciwon ƙafa, ni ne babba namiji, ƙannena mata duk suna ɗakin mazansu, in waya ta yi ƙara da dare sai gabana ya faɗi tun ban duba wa ke kira ba. Hanyar kuma ba ta wasa ba ce, ka taso Kontagora ka bi Yawuri, Koko, Jega, Tambuwal, Shagari, Boɗinga, kafin ka shigo gari yini ya tafi, tun da anka cire tallafin mai a 2023 kuwa kuɗin mota zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya rame albashi.

Na fara da hanyar da kowa ya sani, na rubuta neman transfa ta hannun shugabana, amsar da ta dawo ba ta yi min daɗi ba amma gaskiya ce, babu gurbi a Sakkwato a lebul ɗina, kuma in na tashi wa zai zauna a kantar da nake sallamar jama'a. Akwai wani dattijo da ya yi ritaya da daɗewa, tun zamanin P&T, tsohuwar hukumar gidan waya da tarho, ya fara aiki, kafin a raba ta a 1985 a fitar da NIPOST ta wasiƙu da NITEL ta tarho, har yanzu yana zuwa duba akwatinshi ya zauna mu yi hira, shi ya ce min ɗana ka daina roƙon gurbi, ka nemo mutum. Wato musaya. Ka samo ma'aikaci a can inda kake son zuwa wanda shi kuma yake son zuwa inda kake, lebul ɗinku ɗaya, irin aikinku ɗaya, kowa ya rubuta ya ambaci ɗan'uwanshi, hukuma ba ta yi asarar kowa ba, kujera biyu mutum biyu. Amma ya ja min kunne, ya ce wannan alfarma ce ba haƙƙi ba, in na sama sunka ce a'a shi ke nan.

Na sa sanarwa a guruf ɗinmu na WhatsApp na ma'aikata, lebul 07, aikin kanta, Kontagora, ina neman mai son musaya daga Sakkwato. Shiru na wani lokaci, sai wani bawan Allah ya yi min magana ta gefe, ɗan wajen Kontagora ne, ya daɗe a Sakkwato da iyalinshi, yana haya a Mabera, mahaifinshi ya tsufa ga gona babu mai dubawa. Na ce Allahu akbar, kamar an auna. Munka yi waya, munka yi alkawarin in na zo hutu za mu haɗu.

Da na zo, bayan sallar isha'i munka zauna teburin wani mai shayi a unguwarsu. Mutum ne mai natsuwa, ya girme ni kaɗan, munka gaisa, ya tambayi jikin Inna, na tambayi Baba, anka kawo shayi da biredi, sai da ya kusa shanye nashi sannan ya aje kofi ya ce Malam bari in gaya maka gaskiya tun yanzu don kada mu ɓata ma juna lokaci, ni ina son komawa gida amma ba gaggawa nikai ba, kai ad da buƙata, in har zan sa hannu sai ka ba ni dubu 400. Na yi shiru. Ya ce kada ka ɗauka son zuciya ne, na biya hayar shekara saura wata bakwai, yara na tsakiyar zango na biya kuɗin makaranta, motar ɗaukar kaya daga nan zuwa Kontagora ka san abin da anka koma caja, sannan wanda ya nemi canji da kanshi ba ya samun duk alawus ɗin da ake ba wanda hukuma ta ɗaga da kanta, to duk wanga nauyi ni kaɗai zan ɗauka don kai ka samu sauƙi? Kuma haka ake yi ai, ka tambaya.

Gaskiya ban ji haushinshi ba. Maganar alawus ɗin nan ita ce tushen duk rigimar kuɗi a harkar musaya, in gwamnati ta ɗauke ka da kanta akwai abin da ta tanada na sauka da na tsugunar da iyali, kowane ma'aikaci ya san maganar alawus ɗin masauki na kwana 28 ɗin farko, amma in kai ka ɗaga hannu ka ce a mai da ni wuri kaza, to ba za ka sa rai da duk wannan ba, sai mutum ya duba ya ga wa zai cike mishi giɓin, ya juya ga wanda ya fi shi matsuwa. Na ce mishi ya ba ni lokaci. A hanyar gida ina kan kabu-kabu ina lissafin adashina da abin da kwafaretib za su iya ba ni rance, don in ban ɓoye ba a daren nan da kuɗin na aljihuna da wuya in ban tura ba.

Abin da ya tsayar da ni wani mutum ne daban. Ban san yadda zancen ya kai gare shi ba, Sakkwato ce, ka yi magana a teburin shayi gobe ka ji ta a kasuwa. Washegari sai ga kira, wani Alhaji, bai taɓa aiki da mu ba, irin mutanen nan ne da kullum za ka gan su da babbar riga da fayil a hammata suna cewa sun san kowa a Abuja, ya ce ya ji ana shirin musaya, to takarda ba ta tafiya da ƙafarta, in na ƙara dubu 100 a kan abin da zan ba abokin nawa shi zai tabbatar an sa hannu cikin sati biyu, akwai yaranshi a can. Nan ne na ga abin ya fara sauya kama, jiya kuɗin mota da haya ne, yau an kai ga sayen sa hannu, gobe kuma ban san mi za a ƙaro ba.

Akwai ɗan ajinmu na sakandare da ya zama lauya, na same shi ofis da hantsi, na kwashe komai na gaya mishi. Ya yi dariya ya ce mutumina ka zo da tambaya ɗaya amma guda uku ce. Ya jawo wani ƙaramin littafi da ya sha hannu daga durowa, dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta shekarar 2000, ya ce ta farko ita ce ta Alhajinka, wannan ko gardama babu, sashe na 8 ya kama ma'aikacin da ya nema ko ya karɓi wani abu don ya yi ko ya ƙi yin abin da ya shafi aikinshi, sashe na 9 ya kama wanda ya bayar ko ya yi alkawarin bayarwa, ko kai tsaye ko ta hannun wani, kowanne shekara 7 a gidan yari, sashe na 19 kuma na wanda ya yi amfani da kujerarshi ya ba kanshi ko wani nashi fifikon da bai dace ba, shekara 5 babu zaɓin tara. Ya ce kuma ka lura, ba sai kuɗin sun isa Abuja ba, ko Alhajin ya cinye su a hanya, kai da ka bayar da niyyar a saya maka sa hannu ka riga ka shiga. Har ya nuna min sashe na 23 da ya ce wanda anka nemi irin wannan abu a wurinshi wajibi ne ya kai rahoto, rashin kaiwa ma laifi ne mai zaman kanshi. Ni ban taɓa sanin wannan ba sai ranar.

Na ce to Barista na ji, Alhaji mun rabu, amma abokin musayata fa, shi ba shi ke sa hannu a fayil ba, abokin aiki ne kamar ni, ni da shi munka yarda, wa anka cuta? Ya ce wannan ce ta biyu kuma ita ce mutane ke ruɗa kansu da ita. Dokar ba ta ambaci musayar wurin aiki da suna ba, shi ya sa kowa ke cewa ai ba a hana ba, amma je ka duba jadawali na 5 na kundin tsarin mulki na 1999, ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, sakin layi na 6 ya ce ma'aikacin gwamnati ba zai nema ko ya karɓi dukiya ko wani amfani ba saboda abin da ya yi ko ya bari wajen gudanar da aikinshi, na 8 kuma ya hana kowa miƙa mishi wani abu don jan ra'ayinshi, kuma kada ka ɗauka manya kaɗai ake nufi, ma'aikatan hukumomin da doka ta kafa suna ciki, daga Postmasta Janar har mai raba wasiƙa a kan babur. Abin da anka sassauta kawai kyautar dangi da abokai ce irin wadda al'ada ta sani, biki ko suna, ba kuɗin da anka yi ciniki anka tsayar ba. Ya ce lauya mai wayo zai iya tashi gaban alƙali ya ce rubuta takardar neman canji ba ya cikin gudanar da aiki, wani lauyan ya tashi ya ce yana ciki tunda ba don kujerar ba babu abin da zai sayar maka, to kai kana son a gwada wagga gardama a kan wuyanka? Na ce a'a wallahi.

Na ce to in mun kira shi rance fa, ya ba ni takarda cewa bashi ne. Ya buɗe farkon littafin inda anka yi bayanin abin da dokar ke ɗauka a matsayin toshiya, ya sa yatsa, kuɗi, kyauta, rance, lada, kadara, har muƙami da aikin yi duk an jera. Ya ce waɗanda sunka rubuta ta sun riga ka tunanin wannan dabarar.

Ta uku ita ta fi shiga kaina don ita ta taɓa aljihu kai tsaye. Ya ce ka ɗauka babu ICPC babu kowa, ka tura mishi dubu 400, hedikwata ta ce ba ta amince ba, ko ta amince bayan wata uku ta sake ɗaga ka zuwa wata jiha don ikonta ne, ka je ka ce ya mai da maka kuɗinka ya ce ya kashe, ina za ka kai shi? Kotu ba ta tilasta yarjejeniyar cinikin kujerar gwamnati, ana ɗaukarta ta saɓa ma maslahar jama'a, kamar wanda ya sayi rumfa a kasuwa daga hannun ɗan tsaron shago ne, ranar da mai rumfa ya zo ba ka da bakin magana. Kuma alat ɗin da za ka nuna a matsayin hujja shi ne dai zai zama hujja a kanka, sannan ko ba a je kotu ba, ƙa'idojin aikin gwamnati sun sa cin hanci cikin manyan laifuffukan da ke kai mutum ga kora, kweri ɗaya ta isa ta fara.

A daren na ɗan yi bincike a intanet don in ga ko mu kaɗai ke wannan abu, ashe ma'aikatan gidan waya na Amurka ma suna da tsarin musaya, har talla suke sawa a mujallar ƙungiyarsu, wane a gari kaza yana neman mai zuwa daga gari kaza, sai shugabannin ofisoshin biyu sun amince, kuma wajen lissafin daɗewa a aiki dukansu biyu na wanda ya fi ƙaranci a cikinsu suke ɗauka, wato wanda ya daɗe shi ke asara. Kuma dokarsu ta tarayya ta hana biyan wani kuɗi don ya yi amfani da hanyarshi ya samo maka kujerar gwamnati, hukuncin na iya kai shekara 1 a kurkuku. Wato Alhajin nawa ko can ya je ba zai sha ba.

Ban tsaya ga lauya ba, don ko doka ta yi shiru akwai wadda ba ta shiru. Bayan sallar asuba na tsaya wajen limamin unguwarmu, na ce Allah shi gafarta Malam ina da tambaya. Maganar Alhaji bai ma bari na ƙarasa ba, ya kawo hadisin la'antar mai ba da rashawa da mai karɓa, ya kawo labarin Ibnul Lutbiyya da Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta anka ba ni, Manzon Allah ya ce mi ya hana shi zama gidan ubanshi da uwarshi ya gani ko za a kawo mishi kyautar. Ya ce kuma mu nan Sakkwato ba mu da uzuri, Mujaddadi Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su har da gaisuwar da ake kai ma masu iko kafin a biya ma mutum buƙata. Amma da na zo kan abokin aikina sai ya gyara zama, ya ce wannan mas'ala ce tsohuwa, malaman fiƙihu sun tattauna mutum ya sauka daga wazifarshi, wato muƙaminshi, ya bar ma wani a ba shi wani abu, wasu daga cikin na baya sun sassauta saboda al'adar zamaninsu, wasu sun hana don wazifa ba dukiyar mutum ba ce balle ya sayar, amana ce anka ba shi riƙo. Sai ya tambaye ni, ɗana, takardar da za ka kai ma shugabanka za ka iya rubuta a ciki cewa ka biya wane dubu 400? Na ce ba zan iya ba. Ya ce to ka ji, abin da kake ƙin mutane su gani shi ne Annabi ya siffanta zunubi da shi. Amma in akwai asarar da ɗan'uwanka zai yi ta gaske saboda kai, duba yadda za ka sauƙaƙa mishi a fili.

Wannan kalma ta ƙarshe ita na ɗauka na koma Mabera. Wannan karon gidanshi na je, munka zauna a tabarma ƙofar ɗaki, na fito da biro da bayan wata tsohuwar ambulan na ce Yaya mu fasa dubu 400 ɗin nan mu ga abin da ke cikinta. Haya wata bakwai, munka rubuta. Mota, munka rubuta. Makaranta, munka rubuta. Da munka tara duka sai ga wajen dubu 150 sun rage ba su da suna. Na ce wannan fa? Ya yi murmushi ya ce wannan na wahala ne. Na ce to wannan ne ba zan iya ba, ba don rowa ba, na gaya mishi abin da Barista ya ce da abin da Malam ya ce, na ce in ta fashe ni da kai duka za ta ci, kai ma da ka karɓa ka fi ni shiga.

Sauran kuma ga yadda na kawo shawara. Gidan da yake ciki ni ma ina buƙatar gida, don gidanmu na cikin gari ya cika, ba inda zan sa iyali, to maimakon in ba shi kuɗi a hannu mu je wajen mai gidan a mai da hayar da sunana, in biya watannin da sunka rage daidai yadda shi ya biya ba ƙari ko na sisi, a ba ni rasit. Ɗaki biyun da nake haya a Kontagora shi ma in yana so ya shiga kafin ya gyara na gidansu, haka za a yi mishi. Mota kuma guda za mu ɗauka, ta kai kayanshi ta juyo da nawa, mu raba kuɗin biyu, ai da ma direba in zai dawo wayam sai ya ɗora maka kuɗin dawowar. Makaranta mu roƙa a sa ranar tashi ta dace da ƙarshen zango. Kuma ba abin da zai fita daga hannun kowa sai takardar amincewa ta fito. Na koma na karanta ma Barista wannan tsarin ta waya, ya ce wannan daban, kowace naira akwai abin da ta saya wanda ko wajen baƙo za ka biya haka, kawai kada ku kumbura kuɗin hayar ku ɓoye ragowar a ciki don in kunka yi haka kun koma gidan jiya.

Bai amsa nan take ba. Ya ce zai yi shawara, na koma Kontagora, shiru, na yi mishi saƙo ya karanta bai ba da amsa ba, har na ga ya sake sa sanarwa a guruf yana neman wani mai musayar, abin ya yi min ciwo ba kaɗan ba don na riga na gaya ma Inna an kusa. A raina na ce watakila na yi ma kaina tsauri, mutane nawa sunka biya sunka wuce ba abin da ya same su. Amma masu son barin Kontagora zuwa Sakkwato a lebul 07 a kanta ba su da yawa, shi ma ya san haka, damina kuma na matsowa Baba na ta kiranshi kan gona. Ranar wata Juma'a bayan an sauko sai ga kiranshi, ya ce Malam turo min yadda za mu rubuta takardar.

Takardun ba wani abin wahala ba ne in kun shirya. Kowa ya rubuta tashi, rana ɗaya munka sa, kowa ya ambaci sunan ɗayan da lambar aikinshi da lebul da ofishin da yake, da dalili a taƙaice, ni na ce kula da mahaifiya shi ya ce kula da mahaifi, ba mu tsawaita ba. Munka haɗa kwafin takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, kowa ya bi ta hannun shugabanshi, don takardar da ta tsallake shugabanka dawo da ita za a yi. Nawa shugaban ya kira ni ofis ya duba fayil ɗina ya ga babu kweri a kaina babu giɓin kuɗi, ya tambaye ni kai tsaye, akwai kuɗi a tsakaninku? Na ce Yallaɓai babu, amma zan karɓi hayar gidanshi kuma za mu raba kuɗin mota, ga yadda abin yake. Ya ce hayarku ba ruwan ofis da ita, ya rubuta ba ya da ja, ya sa hannu. Daɗin da na ji lokacin da na amsa tambayar nan ba tare da na sunkuyar da kai ba ya fi ƙarfin dubu 150. Na kuma gaya mishi akwai wani a waje da ke yawo da sunan manya yana neman kuɗi, ya ce ba yau ya fara jin irinsu ba, ya rubuta.

Sai jira. Nan ne Alhaji ya dawo, duk bayan kwana biyu sai ya kira, ka gani ko, na gaya maka takarda ba ta tafiya da ƙafarta. Rannan na gaji na ce Alhaji lauyana ya ce sashe na 23 ya wajabta min kai rahoton duk wanda ya nemi irin kuɗin nan a wurina, in ba shi lambarka? Ya ce subhanallahi ai taimako nike nufi, ya kashe, ban sake jin shi ba. Takarda kuwa ta yi tafiya da ƙafarta, a hankali dai, sai da anka shiga wata na uku, abin da na yi kawai shi ne bibiya ta hannun jami'in mulki na ofishinmu da wakilin ƙungiya, ba wanda ya nemi ko kwabo a wurina.

Da amincewa ta fito anka ba kowa ranar miƙa aiki. Wanda bai taɓa aikin kanta ba ba zai gane yadda handoba take ba, ba wai ka miƙa makulli ka yi sallama ba ne. Munka zauna da mai duba lissafi da wanda zai riƙe kafin abokina ya iso, anka fito da kan sarki shafi shafi ana ƙirgawa kowane farashi daban ana gwadawa da abin da ke littafi, anka bi littafin wasiƙun rajista layi layi, waɗanda anka karɓa da waɗanda masu su ba su zo ba har yanzu suna cikin kabad, kayan EMS, wato saƙon gaggawa, da ke jiran masu su, makullan akwatunan haya da ba a bayar ba, kuɗin durowa har canji, sai hatimi, wanda nake juya kwanan watanshi kowace safiya da ɗan yatsa har tawada ta zauna min a gefen farce, anka buga shi a farar takarda don a nuna ranar da ya bar hannuna, munka sa hannu mu uku a kwafi uku. Kan sarki ɗaya na naira 50 ya ɓace a lissafi, munka juye durowa munka same shi ya manne a bayan wani shafi, da ba a gan shi ba ba mai sa hannu.

Motar ta tashi Sakkwato da asuba da kayanshi, ta sauke, ta kwana, ta ɗauko nawa. Direban ya so ya ƙara kuɗi a Jega wai kayana sun fi nauyi saboda buhunan masara biyu da maƙwabta sunka ba ni, munka daidaita da kuɗin abinci. Mai gidan Mabera ya yanka sabon rasit da sunana, ya ƙara da sharaɗin ba ya son awaki a tsakar gida. Na kai takardar sallama ofishin Sakkwato na cike ta kama aiki, anka nuna min kanta, ita ce dai wadda abokina ya bari, har kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa.

Abu biyu ne ba wanda ya gaya min sai da na ci karo da su. Harajin da ake cirewa a albashi na jihar da kake zaune ne, to sai ka sanar da sashen kuɗi a rubuce cewa ka bar Neja ka koma Sakkwato, in ba haka ba ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji za ka sha yawo. Sai inshorar lafiya ta NHIA, asibitin da na zaɓa tun farko yana Kontagora, sai da maiɗakina ta kai yaro da zazzaɓi anka ce sunanmu ba ya nan, munka biya da aljihu a ranar. Na cike fom ɗin canjin asibiti satin da ya wuce, sun ce in dawo in duba ƙarshen wata.